Rani Ke Kashe Waifa, Damina Tona Asiri Kawai Take Yi

Duk shekara, ranar da ruwan farko ya sauka a Kano ko Katsina ko Maraɗi, akwai abin da ake gani a kan titi wanda ya kamata ya tayar mana da hankali, amma sabo ya mai da shi abin dariya. Iska ta taso da ƙura, ruwa ya biyo bayanta, sai ka ga motoci sun koma rarrafe. Wannan direba ya zuge gilashin gefe ya zuro kansa waje, ruwa na dukan fuskarsa, yana tuƙi da ido ɗaya. Wancan kuma yaron motarsa ne ya fito da rabin jiki ta taga, hannu ɗaya ya kama ƙarfen saman mota, ɗayan yana goge gilashin gaba da tsumma. Waifa kuwa tana ta kai-komo tana ƙara, tana shafa wa gilashi laka maimakon ta share shi. In ka tambayi direban, cewa zai yi ruwan ne ya yi yawa, ya fi ƙarfin waifa. Ni a ganina ruwan ba shi da laifi. Waifar ta riga ta mutu tun cikin Fabrairu ko Maris, lokacin da babu mai kallonta, damina kuwa zuwa kawai ta yi ta sanar da rasuwar. Muddin muna ɗaukar waifa da ruwan wanke gilashi a matsayin kayan damina, waɗanda ba a tunawa da su sai hadari ya haɗu, to za mu ci gaba da tuƙa motoci cike da mutane a makance.

A fara da ita robar. Ƙarfen da ake gani yana lilo a gaban mota ɗaukar kaya kawai yake yi. Mai aikin na gaskiya wani siririn leɓe ne na roba da ke ƙasa, wanda kaurinsa bai wuce milimita guda ba ko kusa da haka. Aikinsa ya dogara ga abu biyu: bakinsa ya kasance a miƙe da kaifi kamar yadda aka yanko shi daga masana'anta, kuma jikinsa ya kasance da laushin da zai bari ya kwanta gefe guda in waifa ta tafi sama, ya juye ɗaya gefen in ta dawo. Da zarar ɗaya daga cikin biyun nan ya tafi, aiki ya lalace. Abubuwan da ke cin roba kuwa sanannu ne: hasken rana mai ƙuna, zafi, da wata iska da ake kira ozon wadda ke tsattsaga roba a hankali. Yanzu a dubi motar da ke kwana a waje ta wuni a rana a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, inda zafi ke haura digiri 40 a inuwa, gilashin da rana ke duka kai tsaye kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Robar na kwance a kan wannan gilashi, a lanƙwashe gefe guda, wata shida ko bakwai. Sai ta bushe a haka, ta ƙage, ta daina juyawa. Wannan ne ke sa ta riƙa tsalle-tsalle a kan gilashi tana kuka, tana barin layi-layi na ruwa a bayanta. Kamfanonin da ke ƙera waifa suna ba da shawarar a canza ta duk wata 6 zuwa 12. Mu da ke zaune a bakin Sahara, babu wata hujja da za ta sa mu zaci tamu za ta wuce haka, amma akwai motocin da waifar da suka shigo da ita daga Kwatano ita ce a jikinsu har yau.

Rana ita kaɗai ma da da sauƙi. Babbar matsalarmu ƙura ce, da abin da muke yi da ita. Hazon da ke rufe mana sama daga Nuwamba zuwa Maris, mafi yawansa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi yake tasowa, wurin da a zamanin da can ƙasan wani makeken tafki ne da ya ƙafe, kuma masana na lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. A cikin wannan buji, da ƙurar titunanmu ta yau da kullum, akwai ɓarɓashin ma'adinin kwatz, wanda shi ne asalin rairayi. A ma'aunin Mohs da ake auna taurin ma'adinai da shi, kwatz na kan mataki na 7, gilashi kuwa wajen 5.5. Ma'ana, ƙura ta fi gilashi tauri, tana iya karce shi, shi ba ya iya karce ta. To ga abin da direbanmu ke yi kowace safiya ta hunturu: ya fito ya tarar da gilashi ya yi fari fat, ya shiga, ya tayar da mota, ya kunna waifa a bushe ta yi sau uku ko huɗu, ya ga hanya ta ɗan bayyana, ya ja. Abin da ya yi daidai yake da ya sa samfefa ya goge gilashinsa. Ɓarnar kuma ta fuska biyu ce, domin ƙurar na cin bakin robar tana dakusar da shi, tana kuma zana wa gilashi dubban ƙananan layuka masu lanƙwasa irin tafiyar waifa. Da rana ba a ganinsu. Sai dare ya yi.

Duk wanda ke bin hanyar Kaduna zuwa Zariya ko Kano zuwa Wudil da daddare ya san abin da nake nufi. Tirela ta taho da fitilu a buɗe, sai hasken ya faɗo kan gilashin da ya sha karce ya tarwatse, gaba ɗaya gilashin ya koma fari, direba ya daina ganin komai sai haske. Yawanci akan ɗora laifin a kan mai tirelar da ya ƙi rage fitila, kuma yana da nasa laifin. Amma gilashi mai lafiya yana barin haske ya wuce ta cikinsa, mai karce ne ke watsa shi ko'ina. In aka haɗa da yayyafi, da man dizal da hayaƙin manyan motoci ke shafa wa gilashi, da waifar da ke damawa maimakon sharewa, to an gama. Lissafin kuma ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa biyu na rashin gani sun kai mita 55. Daƙiƙa huɗu sun wuce tsawon filin ƙwallo. A cikin wannan tazara ne ake samun tirelar da ta lalace aka bar ta a kan hanya da ganye a bayanta, ko garken shanu, ko mai babur marar fitilar baya, ko ramin da ruwa ya rufe.

Wani zai ce ina kambama ƙaramin abu. Zai ce ai kowa ya san abin da ke kashe mutane a hanyoyinmu: gudun wuce sa'a, lodin da ya wuce kima, tsofaffin tayoyi, lalacewar titi. Gaskiya ne, kuma rahotannin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa sun sha sa gudu a sahun gaba. Sai dai a tambaya, mene ne gudun wuce sa'a? Allon da ke gefen titi lamba kawai yake bayarwa. Gudun da ya dace na haƙiƙa shi ne wanda direba zai iya tsayar da mota a cikin tazarar da idonsa ke gani. Mai ganin mita 200 a gabansa yana iya yin 80 lafiya lau. Wanda gilashinsa ya bar masa mita 30 kacal, ko 50 yake yi ya wuce sa'a. Ga shi kuma ruwan da ke rage gani shi ne dai ke ƙara tsawon burki, domin a jiƙaƙƙen titi tazarar tsayawa na iya ninkawa biyu. Burki ba ya kama kansa, sai ƙafa ta taka shi, ƙafa kuma ba ta motsawa sai ido ya gani. Mutumin da ya kashe kuɗi ya sa sababbin tayoyi da sabon burki amma ya bar waifa a mace, ya gyara ƙarshen sarƙa ne ya bar farkonta a tsinke. Saboda haka maganar waifa tana cikin maganar gudu, ba a raba su.

Hujja ta biyu da ake kawowa ta fi ta farko kama hankali. A ce ruwan sama a ƙasar Hausa wata huɗu ne, Yuni zuwa Satumba, mai ƙarfin ma a Agusta yake, don me za a damu da abin da wata takwas yana zaune? Amsa ta farko ita ce mota ba a ƙasar Hausa kaɗai take yawo ba. Direban da ya ɗauki shanu ko albasa daga Kano zuwa Legas, ko fasinja zuwa Fatakwal, yana shiga ruwa tun watan Maris ko Afrilu, yana kuma cikinsa har Oktoba. Mai hawa Jos ma ya san damina na riga isa can. Amsa ta biyu, wadda ta fi muhimmanci, ita ce a wurinmu aikin waifa a rani bai gaza na damina ba. Bi bayan tifa a hanyar da ake gyara, ko ka ratsa ƙauye ranar kasuwa, ko ka yi tafiyar magariba kusa da fadama lokacin da ƙwari ke fashewa a kan gilashi, ka ga ko ba ka nemi waifa ba. Bambancin shi ne a damina Allah ne ke ba da ruwan, a rani kuwa kai ne za ka tanade shi. Nan ne maganar ta koma kan ɗan tankin nan na roba da ke ƙarƙashin bonet, mai murfi da zanen gilashi da feshin ruwa a kansa, wanda a motoci da yawa rabon da a zuba masa wani abu har an manta.

A buɗe bonet ɗin motocin haya goma a kowace tasha a duba. A wasu tankin a bushe yake ƙayau, ƙura ta yi masa ɓawo a ciki. A wasu ya tsage tun wani karo da aka yi, mai gyaran jiki ya mayar da komai ya bar shi. A wasu tiyon ya zare yana reto, ko ɗan famfon ya ƙone saboda an yi ta danna shi babu ruwa. Abin takaicin shi ne duk waɗannan gyare-gyare ne na ɗan lokaci a wurin mai gyaran wayar mota: fis, ko famfo, ko tiyo, ko allura da za a sa a buɗe hancin feshin da ya toshe. Waɗanda kuma ke zuba wani abu, yawanci ruwan rijiya ko na burtsatse suke zubawa su barbaɗa omo. Kowanne da illarsa. Ruwan rijiya na ɗauke da laka da ke kwanciya a ƙasan tanki ta shaƙe famfo. Na burtsatse, a wurare da dama, yana da gishirin ƙasa irin wanda ke yin fari a cikin butar shayi, kuma irin wannan farin ne ke toshe ƴan ƙananan ramukan feshi. Omo kuwa don tufafi aka yi shi. Yana kumfa, kumfar na rufe ido a daidai lokacin da ake neman gani, ba ya narkewa duka, yana barin dusashe a gilashi in ya bushe, yana busar da roba, yana kuma dishe fenti a inda yake gangarowa. Irin wannan haɗin ne yaran da ke tare motoci a danja ke fesawa daga gora. Ba na ganin laifinsu, abinci suke nema, amma soson da ya wanke motoci hamsin a kan titi mai ƙura ba ya rasa rairayi a cikinsa, kuma mai mota ya kamata ya san haka kafin ya miƙa musu gilashinsa.

Akwai kuma wata illa ta zallan ruwa da ba a cika sani ba. A shekarar 2010, masu bincike na hukumar kare lafiyar jama'a ta Birtaniya sun bi diddigin dalilin da ya sa direbobin sana'a suka fi sauran mutane kamuwa da wani nau'in ciwon huhu mai tsanani da ƙwayar cutar Lajiyonela ke haddasawa. Abin da suka gano shi ne akwai alaƙa tsakanin ciwon da tuƙa motar da aka zuba wa zallan ruwa a tankin wanke gilashi ba tare da sinadarin wanki ba. Ƙwayar tana hayayyafa ne a ruwan da ke kwance mai ɗumi, tsakanin digiri 20 da 45, kuma ta hanyar shaƙar feshin ruwa take shiga jiki. Tankin da ke maƙale kusa da injin, cike da ruwan da ya yi makonni, wanda ake fesawa iska ta kwaso shi ta shigar cikin mota, ya cika duk waɗannan sharuɗɗa. Daga baya wani bincike a jihar Arizona ta Amurka, wadda ita ma ƙasar zafi ce, ya sami ƙwayar a tankunan motocin ɗaukar ɗalibai. Ba na kawo wannan don tsoratarwa. Na kawo shi ne saboda yanayin da aka bayyana, ruwa mai ɗumi a kwance, shi ne yanayinmu kusan duk shekara.

To sai kuma ɗaya gefen, na masu ganin duk abin da aka shigo da shi daga Turai ya fi. Mafi yawan shuɗin ruwan wanke gilashi da ake yi wa ƙasashen sanyi, babban aikinsa shi ne kada ya daskare a lokacin ƙanƙara, shi ya sa za ka ga an rubuta digiri 20 ko 30 ƙasa da sifili a jikin jarkar. Mu ba mu da wannan matsala, ko a Jos. Abin da ke hana shi daskarewa kuwa, a da yawa daga cikinsu, sinadarin metanol ne, wanda guba ne: ɗan kaɗan daga cikinsa na iya makantar da mutum, abin da ya fi haka ya kashe shi. Illarsa ce ta sa Tarayyar Turai, daga watan Mayun 2019, ta hana sayar da ruwan wanke gilashin da metanol ɗinsa ya kai kashi 0.6 cikin ɗari. A gidajenmu da yara ke ko'ina, kuma aka saba juye komai a gorar lemo, shuɗin ruwa mai kyan gani abin tsoro ne. Abin da ya dace da mu shi ne nau'in da aka yi don lokacin zafi, mai narkar da maiƙo da gawar ƙwari, wanda ake sayarwa a ƙaramar kwalba a tsarma da ruwa mai tsabta gwargwadon yadda aka rubuta a jiki. Kwalba guda na yin tanki da yawa. In ba a samu ba, tataccen ruwa ko da na leda ne, ana sabunta shi a kai a kai, ya fi tanki a bushe sau dubu. Abin da ba a zubawa ko kusa shi ne ruwan lagireto, wanda ke shafa wa gilashi maiƙo ya ɓata fenti, da kuma ruwan batir, domin wani abin da ake kira da wannan suna asid ne.

Hujjar da ta fi kowace nauyi ita ce ta kuɗi, kuma ba zan yi kamar ban san halin da ake ciki ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, direban haya na lissafin kowace naira. Yana da balas da zai kai wa mai mota, ga kuɗin yuniyon, ga na hanya, ga cefane. Duk abin da mota za ta iya tafiya ba shi, jira yake yi. Amma ko a ma'aunin kuɗin ma, barin waifa ta mutu asara ce. Robar da ta tsage ba ta tsayawa a nan, yagewa take yi ta zube, ƙarfen ya sauka kan gilashi ya zana masa baka mai zurfi daidai saitin idon direba, irin wanda ba ya gogewa. Kuɗin sabon gilashin gaba, a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka, ya ninka na waifa biyu sau da yawa. Jan waifa a bushe kuma yana wahalar da ɗan injinta da ƴan sandunan da ke juya ta. Sannan akwai hanyoyin rage kashe kuɗi ga wanda aljihunsa ya yi ƙasa. A waifa mai firam ɗin ƙarfe, sau da yawa ana iya zare tsohuwar robar a zura sabuwa ba tare da an sayi duka ba. In kuɗin na guda ɗaya ne, a fara da ta gefen direba. Kulawar yau da kullum kuwa kyauta ce: a watsa ruwa a gilashi kafin a taɓa waifa da safe, a ɗaga ta a goge bakin robar da jiƙaƙƙen tsumma a ga baƙin dattin da ke fita, a nemi inuwa ko a rufe gilashi da kwali. Kada a goge waifa da fetur ko kalanzir, suna cin roba. Masu ɗaga waifa sama su bar ta a tsaye wuni guda don gudun zafin gilashi, niyyarsu mai kyau ce, amma iska na iya maido ta da ƙarfi ta fasa gilashin, rana kuma tana nan tana dukan robar. Ni dai na fi yarda da kwali. Kuma a faɗi gaskiya, wannan nauyi na mai mota ne kafin direba. Wanda ke karɓar balas kullum ba shi da bakin cewa waifa ta fi ƙarfinsa.

Sai ƙorafin jabu, wanda shi ma gaskiya ne. Kasuwa cike take da waifa mai ɗauke da sunayen manyan kamfanoni a kwali, wadda ba ta kai wata biyu. Amma yawan jabu dalili ne na buɗe ido wurin saye. Abu na farko shi ne tsawo. A yawancin motocin zamani ta direba da ta fasinja ba ɗaya ba ne. Corolla ta 2010, misali, inci 26 take ɗauka a gefen direba, 14 a ɗaya gefen. Mai shago da ya miƙo maka biyu masu tsawo ɗaya ya ce za su yi, abin da ke hannunsa yake son sayarwa. In ta yi tsawo za ta riƙa dukan gefen gilashi ko ta sarƙe da ƴar'uwarta, in ta gajarta ta bar wuri a rufe. Mafi sauƙi shi ne a ciro tsohuwar a tafi da ita, a kuma dubi irin maƙalarta, domin ko da yake mai ƙugiya ce ta fi yawa, motocin Turai da dama na da nasu salon. Na biyu shi ne robar: a lanƙwasa ta a saki, mai kyau na komawa nan take, bakinta a miƙe babu tudu babu kwari. Wadda ta daɗe a rataye a ƙofar shago rana na dukanta ta riga ta tsufa tun ba a saye ta ba. Tsakanin mai firam da shafaffiyar nan marar firam, wadda kamfanin Bosch ya fito da ita a 1999, ta biyun ta fi kwanciya a gilashi mai lanƙwasa, ba ta kuma da gaɓoɓin da ƙura ke shiga ta ƙage, amma jabunta ya fi muni, don ƙarfen cikinta na saki da wuri. Mai firam ta gaskiya ta fi shafaffiya ta jabu. In kuma an sa sabuwa amma har yanzu tana barin wuri, a duba sifirin ɗin hannun waifar, a tsofaffin motoci yakan saki ya daina danna ta.

Raina wannan ƴar na'ura ba yau aka fara ba. Mary Anderson, wata mata daga jihar Alabama ta Amurka, ita ce ta sami rajistar ƙirƙirar waifa a 1903, bayan ta ga yadda direban taragon cikin gari a birnin New York ke fama da gilashi a lokacin ƙanƙara. Da ta kai tallar ta ga wani kamfani a Kanada a 1905, cewa aka yi ba su ga wata riba a ciki ba. Rajistar ta ƙare a 1920 ba ta ci komai ba, ƴan shekaru kaɗan bayan haka kuma waifa ta zama abin da kowace mota ke fitowa da shi.

Ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci sun sa shi a doka mai aiki. A Birtaniya, duk motar da ta shekara uku sai an yi mata gwajin lafiya kowace shekara, kuma waifar da ba ta share gilashi, ko feshin da ba ya fitar da ruwa, ya isa ya kayar da mota a gwajin. Mu ma muna da masu wannan aiki: jami'an duba lafiyar motoci na jihohi, da Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa tun 1988. Na san abin da direba zai ce, cewa ina neman a ƙara wa masu tare hanya wata ƙofar karɓar na goro. Tsoron nan yana da tushe, shi ya sa ba na kiran a ƙara shinge a titi. Wurin da ya dace a yi binciken shi ne tasha, kafin a yi lodi. Shugabannin ƙungiyar direbobi sun san kowace mota da mai ita, suna kuma da ikon hana ta layi, ikon da suke amfani da shi kullum a kan wanda bai biya kuɗin tikiti ba. Gwajin ba ya cin minti ɗaya: danna feshi, kunna waifa, a gani. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka lokacin yin wannan shi ne Afrilu, kafin ruwa ya sauka kuma kafin masu shago su ga buƙata ta tashi su ƙara kuɗi. Jami'an hukuma su ma, da za su mai da wayar da kan da suke yi a tashoshi gab da Sallah da ƙarshen shekara ya haɗa da gab da damina, da sun tarar da direbobi a lokacin da maganar ke da amfani.

Kai kuma fasinja, kana da haƙƙi a cikin wannan, tunda ranka ne a motar. In za ka yi doguwar tafiya ka ga gari ya haɗa hadari, ko tafiyar za ta kai ku dare, ka ce wa direba cikin mutunci: "Malam direba, don Allah ɗan fesa ruwa ka kunna waifa mu gani." In ruwa ya fito, waifa ta share fes, ka shiga ka yi addu'arka. In ya ce maka ai tankin ya daɗe da fashewa amma yana da tsumma, ka sauke jakarka ka jira ta gaba.